Masihiyawan Ƙasarmu: Tarihin Hausawa Kirista a Yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Gabatarwa

 

A duk lokacin da aka tashi ba da tarihin yankinmu, akan fara ne da sarautu, a ambaci Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, Kanwa a Ƙetare, Sarkin Yamma a Faskari da Kogo a Sabuwa. Daga nan a gangara kan malamai, da kasuwanni irin ta Sheme, da noman auduga na Daudawa, da farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara. Wannan duka daidai ne. Amma akwai wani ɓangare na jama'armu da ba kasafai alƙalami kan biyo ta kansa ba, wato Hausawa mabiya addinin Kirista, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birni sun tashi da zaton cewa duk Kiristan da ke Jihar Katsina baƙo ne da neman abinci ya kawo shi. Manufar wannan maƙala ita ce a gyara wannan zato, a nuna inda waɗannan mutane suka fito, da yadda addinin ya iso gare su, da kuma yadda suke tafiyar da shi cikin rayuwar Bahaushe ta yau da kullum. Ni Musulmi ne, kuma tarihi na zo bayarwa, domin Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya.

Asalinsu: Maguzawan kudancin Katsina

Mafi yawan Masihiyawan ƙasarmu jikokin Maguzawa ne. Maguzawa kuwa su ne Hausawan da suka ci gaba da riƙe addinin gargajiya bayan Musulunci ya kafu a birane. Masana da dama suna ganin kalmar ta samo asali ne daga kalmar Larabci ta Majusu, ko da yake a bakin jama'a akwai labarin da ke danganta ta da gujewa salla. Bayan Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin da Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, hukuma ta ɗauki Maguzawa a matsayin 'yan amana. Suna biyan jizya, ana kare musu rayuka da dukiya, suna kuma da shugabanninsu da ke tsakaninsu da hakimai. Wannan matsayi ne ya ba su damar wanzuwa cikin daular Musulunci har zuwan Turawa a 1903.

Kudancin Katsina na daga cikin wuraren da suka fi yawa. Sun fi cunkoso a ƙasar Malumfashi da Ƙafur, suka bazu zuwa Ƙanƙara da Bakori, akwai kuma unguwanninsu a ƙasar Faskari da Sabuwa. Bamaguje ba ya son zaman cikin gari. Yakan kafa gidansa ne a tsakiyar gonakinsa, gida ɗaya ya ƙunshi uba da 'ya'ya da jikoki, wani lokaci mutum fiye da 100. Shi ya sa har gobe sunayen ƙauyukansu da yawa suke farawa da kalmar Gidan, a bi ta da sunan wanda ya kafa wurin. Noman gandu shi ne ƙashin bayan gidan. Akan yi wa maigida aiki tun da safe, da rana ta karya kuma kowa ya wuce gayaunarsa. Mata ma suna da gayaunarsu da rumbunsu, suna dafa giya suna sayarwa, don haka macen Bamaguje tana da abin hannunta. Sun yarda da akwai Allah Mahalicci, amma harkokinsu na yau da gobe sukan miƙa su ga iskoki irin su Inna da Kure da Ɗangaladima, suna yi musu yanka a lokacin shuka da kaka ko in ciwo ya shigo gida.

Masana daga nesa sun yi rubutu a kansu. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Murray Last, Baturen Ingila da ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa da ke kusa da Malumfashi a wajen 1970. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, tsawon ƙarnoni Maguzawa suna ta shiga Musulunci sannu a hankali, gida bayan gida. Da yawa daga cikinmu, in muka bi salsala da gaskiya, za mu tarar kakanninmu da kakannin Masihiyawa sun sha ruwa a rijiya ɗaya.

Zuwan 'yan mishan ƙasar Hausa

Addinin Kirista ya daɗe yana neman ƙofar shiga ƙasar Hausa kafin ya samu. A 1900 wata tawagar mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da wani likita mai suna Walter Miller, ta isa Kano, amma Sarkin Kano Alu ya sallame su. Bayan Turawa sun ci ƙasar, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai tsoma baki cikin addininsu ba, saboda haka gwamnatin mulkin mallaka da kanta ta riƙa hana 'yan mishan kafa tasha a masarautun Musulmi. Zariya ce ta zama togaciya, inda Likita Mila ya zauna cikin birni daga 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a wajen 1929. Daga Wusasa aka sami rukunin farko na Hausawa da Fulani Kirista masu ilimin zamani, irin su Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Malam John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a karo na farko, kuma wannan fassara ta yi tasiri matuƙa, domin ta mai da Hausa harshen ibada ga ƙabilu masu yawa a Filato da kudancin Zariya da Bauci.

Ƙasar Katsina kuwa, ta hanyar jinya aka shigo ta. Ƙungiyar SIM, wadda Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent suka assasa a 1893, ta shafe shekaru tana aiki a wajen masarautu. A wajen 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, hukuma ta danƙa mata kula da asibitin kutare na Babbar Ruga, kamar yadda aka ba ta na Amanawa a Sakkwato da na ƙasar Kano. Daga nan ne ta sami damar buɗe tashoshi a wurare irin su Malumfashi da Matazu, inda ake ba da magani, ana koyar da karatun boko, ana kuma wa'azi. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA, ƙarƙashin shugabancin 'yan ƙasa.

Akwai wata hanyar ta biyu da addinin ya biyo, wato layin dogo. Da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo, suka gina majami'unsu a sabon gari. Waɗannan su ne Kiristan da mutanen gari suka fara sani, kuma daga nan ne zaton nan ya samo tushe, cewa Kirista baƙo ne. Amma majami'un sabon gari da na ƙauyukan Maguzawa tarihinsu daban ne, harshen ibadarsu ma daban.

Yadda bishara ta shiga gidajen Maguzawa

Ya kamata a sani cewa Turawan mishan ba su sami mabiya masu yawa a tsakanin Maguzawa ba a shekarun farko. Dattawan gida suna karɓar magani, su yi godiya, su koma ga al'adarsu. Babban canji ya zo ne bayan samun mulkin kai. Tsakanin 1963 da 1965 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi rangadin kiran jama'a zuwa Musulunci a sassan Arewa, kuma Maguzawa da dama sun amsa. A daidai wannan lokaci majami'u suka ƙaddamar da shirin wa'azi na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya tura talakawan masu bi ƙauye-ƙauye. Ta ɓangaren Katolika kuma, limaman ɗarikar Dominikan daga Amurka, waɗanda aka danƙa wa lardunan Sakkwato da Katsina a 1953, sun kafa tasha a Malumfashi tare da makarantar horar da masu koyar da addini.

Daga shekarun 1970 zaman Bamaguje a kan tsohuwar hanya ya yi wuya. Hanyoyin mota sun shiga karkara. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya kawo takin zamani da sabon iri, ya ɗaure manomi da kasuwa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, aka gina makarantu har a unguwannin da ba su taɓa ganin allo ba. Yaron da ya shiga aji, tambayar farko da ake yi masa bayan sunansa ita ce addininsa. Saurayin da ya tafi cin rani birni kuma yakan dawo da ɗacin kalmar arne da aka jefe shi da ita. Matasa suka fara ganin dole mutum ya kasance yana da addini mai littafi. Da yawa suka musulunta, wasu kuma suka karɓi Kiristanci.

Waɗanda suka zaɓi Kiristanci suna da dalilansu. Na farko, masu bisharar da suka zo musu baƙaƙen fata ne 'yan'uwansu manoma, daga kudancin Zariya da Filato da ƙasar Tangale, waɗanda ƙungiyar mishan ta ECWA, wato EMS, da sauran majami'u suka turo. Mai bishara yakan roƙi gona, ya gina ɗakin jinka, ya yi noma kamar kowa, da dare ya tara yara ya koya musu karatu da fitilar ƙwai. Na biyu, sabon addinin bai nemi su bar gidan gandu su koma gari ba, bai kuma hana mata zuwa gona ba. Na uku, mutanen da suka rayu cikin tsoron iskoki da yawan yanka sun ji wa'azin da ke cewa addu'a cikin sunan Yesu Almasihu ta isa kariya, wannan kuwa ya shiga zukatansu.

Sai dai karɓar addinin ta zo da nata nauyin. ECWA da makamantanta sun haramta giya, alhali giya ce abin sha a gayya da biki, kuma ita ce sana'ar mata. Mai mace fiye da ɗaya yakan halarci sujada, amma akasari akan ƙi yi masa baftisma ko ba shi matsayin dattijon ikilisiya. Gidaje da yawa sun rabu uku, ɗa ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista, tsoho kuma yana nan a kan gargajiya har ya koma ga Mahaliccinsa. Duk da haka rumbu ɗaya ake ɗiba, in an yi rasuwa kuma tabarma ɗaya ake zama.

Da tafiya ta yi tafiya, majami'un suka tsaya da ƙafafunsu. A 1990 ɗarikar Angilika ta kafa yankin bishop na Katsina. A ranar 16 ga Oktoba, 2023, Fafaroma Francis ya ware yankin bishop na Katolika na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, ya zama bishop ɗinsa na farko. Akwai kuma ƙungiyar Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, wadda ta haɗa Kirista Hausawa da Fulani da Barebari.

Addinin cikin rayuwar yau da kullum

Wanda bai taɓa ratsawa ta ƙauyen Masihiyawa ranar Lahadi ba zai yi mamakin yadda komai yake na gida. Majami'ar sau da yawa ginin ƙasa ce da rufin kwano. Maimakon ƙararrawa akan rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a bishiya, a buga shi don kiran jama'a. Maza na shiga da babbar riga ko kaftani, mata da zane da kallabi, kowane jinsi da ɓangarensa. Da Hausa ake karatu da wa'azi da waƙa. Kalmomin ibadar ma sanannu ne ga kunnen Musulmi: Allah, Ubangiji, addu'a, sujada, azumi, zunubi, tuba, gafara, albarka. Inda aka rabu shi ne a kan aƙida, domin su sun ɗauki Yesu Almasihu Mai Ceto ne wanda ya mutu ya tashi, mu kuwa mun ɗauki Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Manzo ne daga cikin manyan manzanni. Wannan bambanci ne na gaske, kuma kowane ɓangare ya san da shi. Dattawanmu sun zauna da juna shekara da shekaru ba tare da sun ɓoye shi ba.

Sunaye ma suna ba da labari. A shekarun da na yi ina koyarwa, rajistar aji takan haɗa Bitrus da Bulus da Yohanna da Rifkatu da Saratu, kusa da Bala da Sani da Hadiza. Wasu sunayen kuma ba ka iya rarrabewa, irin su Musa, Ibrahim, Yakubu, Haruna da Maryamu. Ga sunayen rana kamar Ɗanladi, Ɗanjuma, Talatu, Laraba da Lami, ga na gargajiya kamar Jatau, Nomau, Tanko da Shekarau, waɗanda Masihiyawa suka fi mu riƙewa. Sun kuma ƙaro nasu daga cikin harshen, suna sa wa 'ya'ya mata Alheri, Godiya ko Murna.

Noma shi ne inda addinin ya fi cuɗanya da rayuwa. Inda a da ake yi wa iskoki yanka kafin shuka, yanzu akan taru a majami'a a roƙi Allah ruwa da albarkar damina. Da kaka kuma akwai ranar godiya, wadda kowane gida yake kawo damin dawa ko gero, buhun masara, kaji ko akuya a matsayin baiko. Daga wannan ake ciyar da fasto, a taimaki gwauraye da marayu, a gyara gini. A wurare da yawa majami'a tana da gonarta, wadda ake nomawa ta hanyar gayya. Idan aka duba da kyau, tsohuwar al'adar taimakon juna ta gidan gandu ce aka ɗauko aka kai ƙofar majami'a.

Mata su ne ginshiƙin wannan al'umma. Ƙungiyarsu ta Zumuntar Mata tana da anko da shugabanni da asusu. Su ne masu waƙa da kiɗan tulu da caki, masu zuwa barka da gaisuwar mara lafiya, masu dafa abinci a gidan rasuwa. Ta hanyar wannan ƙungiya mata da yawa da ba su taɓa shiga aji ba suka koyi karatu, don su iya karanta Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi da kansu. Wannan ne ya sa iyaye mata a ƙauyukan nan suke dagewa a kan karatun 'ya'yansu mata, abin da duk malamin makarantar da ya yi aiki a cikinsu zai shaida.

A sha'anin aure, matakan duk na Hausa ne: neman izini, gaisuwar iyaye, sadaki, lefe da kai amarya. Ɗaurin auren ne kawai ake yi a majami'a, a gaban fasto. A lokacin Kirsimeti kuwa, akwai wata kyakkyawar al'ada da ta daɗe a karkararmu. Maigida Kirista yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa dabbar bikin, domin kowa ya iya ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Da Babbar Salla ta zo, naman layya ya bi ta wannan hanya ya koma. Ba wata hukuma da ta tsara wannan. Mutanen ƙauye ne da kansu suka gano cewa zumunta a ƙafa take.

Lokutan jarrabawa

Tarihi na gaskiya ba ya tsallake wurin ɗaci. A watan Maris na 1987, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, aka ƙona majami'u da dama. A watan Afrilu na 2011 tarzomar bayan zaɓe ta sake taɓa Funtuwa da Malumfashi. A duka biyun wutar daga nesa ta taso, amma wanda ta ƙona a nan maƙwabci ne. An kuma sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu har ƙura ta lafa, kuma ya dace a riƙa tuna wannan tare da wancan.

Babbar jarrabawar zamaninmu ita ce ta 'yan bindiga. A watan Maris na 2014 an kashe mutum sama da 100 a hare-haren da aka kai ƙauyukan Faskari da Sabuwa, ciki har da Mararrabar Maigora da Sabon Layin Galadima. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. A watan Satumba na 2021 sai da aka rufe layukan waya da wasu kasuwanni a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku. Wannan bala'i bai tambayi kowa addininsa ba. A watan Mayu na 2022 an sace limaman Katolika biyu a Gidan Maikambo ta ƙasar Ƙafur. Ranar Lahadi 15 ga Janairu, 2023, aka afka wa wata majami'a a yankin Ɗantsauri na ƙasar Ƙanƙara ana cikin sujada, aka yi awon gaba da masu ibada. Ranar 19 ga Agusta, 2025, aka buɗe wuta a kan masu sallar asuba a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, rayuka masu yawa suka salwanta.

Amma akwai wani abu game da Masihiyawa da ya kamata a lura da shi. Irin zaman da suka gada, na gida ɗaya tilo a tsakiyar gona, nesa da gari, shi ne ya fi kowane sauƙin kai wa hari. Idan irin wannan gida ya watse, mutanensa suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya, abin da aka rasa ya wuce hatsi da dabbobi. Gandun ya rushe, majami'ar ta zama kango, tsofaffin da suka san tarihin wurin kuma su rasu a ɗakin haya. Ta haka al'ummar da ta shekara ɗaruruwa a wuri take iya ɓacewa cikin shekaru goma.

Matasansu a birni

Kamar 'ya'yan kowa, 'ya'yan Masihiyawa sun shiga birane, sun zama malamai, ma'aikatan jinya, sojoji, 'yan sanda da 'yan kasuwa. Littafi Mai Tsarki na Hausa yanzu yana cikin wayar hannu, mawaƙan bishara na Hausa kuma suna fitar da waƙoƙinsu a intanet. Sai dai matashin yakan sami kansa a tsaka mai wuya. In ya shiga majami'ar birni, inda ake ibada da Turanci, akan dube shi da mamaki saboda hularsa da harshensa. In ya shiga cikin 'yan garinsu kuma ya faɗi sunansa, sai a tambaye shi ainihin inda iyayensa suka fito. Wasunsu suna kokawa da wahalar samun takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da wuyar samun filin gina wurin ibada. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 38 da na 42, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, ya kuma hana nuna masa bambanci. Matashin da nasa suka ƙi sauraron kukansa, wasu za su saurare shi, kuma a shafukan Facebook akwai masu jiran irin wannan dama don su hura wutar ƙabilanci da ta addini a tsakaninmu.

Kammalawa

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumominmu uku suna da mutum sama da 570,000. Masihiyawa 'yan tsiraru ne a cikin wannan adadi, amma tushensu a ƙasar nan ya kai na kowa zurfi. Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawarwari kamar haka. Na farko, a buɗe musu ƙofar zama mambobi da gaske, a aika musu da takardar gayyata, a kuma lura da ranar Lahadi da safe wajen sa lokacin taro, kamar yadda ake lura da lokacin Juma'a. Na biyu, idan za a raba tallafin karatu ko kayan agaji ga 'yan gudun hijira, a tabbatar sunayen unguwanninsu suna cikin jerin. Na uku, reshen matasa ya ɗauki nauyin ziyartar tsofaffin da suka rage, Musulmi da Kirista, a naɗi muryoyinsu a waya, a rubuta sunayen gidaje da unguwannin da suka watse da waɗanda suka kafa su, kafin wannan ilimi ya bi su kabari. Na huɗu, mu iyaye mazauna birni mu gaya wa 'ya'yanmu wannan tarihi, mu kuma hana su furta kalmar arne ga kowa.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin sake gina ƙauyukanmu yana da nauyi, kuma yana buƙatar hannun duk wanda aka binne cibiyarsa a wannan ƙasa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.